Zari-ruga, Imani da Ƙarfin da Ya San Iyakarsa

Wasanni kaɗan ne a duniya suke ba mutum izinin ya sheƙo da gudu ya rungumi ɗan'uwansa ya kai shi ƙasa, jama'a kuma su tafa masa. Ƙwallon zari-ruga na cikinsu, shi ya sa wanda ya fara cin karo da ita a talabijin yakan ɗauka faɗa ne ya kaure. Ni ina buga ta, amma ba ita ce sana'ata ba. Ina da aikin da nake ciyar da iyalina da shi, kuma ba a taɓa ba ni ko sisin kwabo don na shiga fili ba. Irinmu ne muka fi yawa a wannan wasa ko'ina ake yin sa: malaman makaranta, ɗalibai, direbobi, ma'aikatan asibiti, mutanen da ke sayen takalmin wasa da kuɗin aljihunsu, su tashi ranar Litinin da tsamin jiki su tafi wurin aiki. Ra'ayina, bayan abin da na gani a fili da abin da na karanta na tarihin wasan, shi ne zari-ruga tana koya wa mutum yadda zai riƙe ƙarfinsa, amma ba ta iya ba shi dalilin riƙe shi. Dalilin sai dai ya taho da shi daga gida. Ni daga imani na samo nawa.

Ga wanda bai taɓa zama ya kalla ba, kowane ɓangare mutum 15 ne, ana kuma fafatawa minti 80 da hutu a tsakiya. Burin kowa ya kai ƙwallon bayan layin abokan karawa ya dire ta a ƙasa da hannunsa, ya samu maki 5. In aka buga ta da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen sanduna bayan nan, a ƙara 2. Dokar da ta raba wannan wasa da sauran ita ce ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu. Kana iya rugawa da ita gaba, kana iya buga ta gaba da ƙafa, amma in za ka ba abokin wasanka, sai ya kasance a gefenka ko a bayanka. Sannan da zarar an kayar da kai, dole ka sake ta nan take.

Waɗannan dokoki biyu sun isa su sauya halin mutum in ya daɗe yana bin su. Mai riƙe da ƙwallo shi ne a gaba, shi ne kuma zai sha duka. Aikinsa ya jawo masu tsaro kansa, ya jure karon, ya bar wa na baya hanya. Galibi wanda ya dire ƙwallon aka yi masa sowa, wasu mutum huɗu ko biyar ne suka sha ƙasa kafin ta iso hannunsa. Akwai 'yan gaba masu kaurin wuya da za su shekara da shekaru suna wasa ba su dire ƙwallo ko sau ɗaya ba, alhali in babu su ƙungiyar ba za ta ko ga ƙwallon ba. Malamanmu suna kiran aikin da aka yi shi tsakani da Allah, ba don a gani a yaba ba, da sunan ikhlasi. Ban ce turereniya a cikin laka ibada ce ba, amma zuciyar da ta saba yin aiki wani ya karɓi tafi ta fi saurin gane abin da malaman suke nufi.

Turereniyar nan kuwa ita ce wurin da na fi ganin ma'anar amana. In aka yi ƙaramin kuskure, alƙalin wasa yakan sa mutum takwas-takwas daga kowane ɓangare su sarƙe da juna, su duƙa, su haɗa kafaɗu, a jefa ƙwallo tsakaninsu su yi ta turi. A manyan ƙungiyoyi nauyin mutum takwas ɗin yakan haura kilo 800. Wanda ke tsakiyar sahun gaba hannayensa biyu suna kan kafaɗun na damansa da na hagunsa, ba shi da abin da zai kare kansa da shi. Wuyansa yana hannun abokansa, yana kuma hannun abokan hamayyarsa, domin in ɗayansu ya ga dama ya durƙusar da sahun da gangan, ana iya karya masa ƙashin baya. Wato kafin ka fara ture mutum da duk ƙarfinka, sai da kuka yi alkawarin da ba a furta ba cewa kowa zai mayar da ɗan'uwansa gida lafiya. In wannan alkawari ya faɗi, wasan ya ƙare, saura ta'asa.

Haka abin yake da alƙalin wasa. A al'adar zari-ruga kyaftin ne ke magana da shi, kuma da lafazin girmamawa. In ɗan wasa ya yi masa gardama, yana iya mayar da ƙungiyarsa baya mita 10. In laifin ya yi nauyi, katin ɗorawa yana fitar da mutum minti 10, abokansa 14 su ɗauki nauyinsa. Za ka ga ƙato wanda ya ninka alƙalin a jiki ya sunkuyar da kai ya koma baya, ko da yana ganin an zalunce shi. Bayan an tashi, ƙungiya ɗaya takan yi sahu biyu ta tafa wa ɗayar ta wuce ta tsakiya, sannan su ma a yi musu haka.

Abin da ake horarwa a nan shi ne fushi. Duk wanda aka taka wa yatsu a ƙarƙashin tulin mutane ya san yadda jini ke hawa kai. Tun muna makarantar Islamiyya aka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora ma'aunin jarumta a kan mallakar kai lokacin fushi, sama da iya kayar da maza a kokawa. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani a Ihya'u Ulumiddin cewa tarbiyya ba ta neman tumɓuke fushi daga zuciya, domin wanda ba ya fushi sam ba zai kare gaskiya ko mutuncinsa ba. Abin da ake so shi ne fushin ya zama mai biyayya ga hankali da shari'a. Tun kafin shi, Aristotul na Girka ya sanya jarumta a tsakanin ragwantaka da ganganci, ya kuma ce hali nagari da maimaitawa ake samun sa. Fili ya gaskata su duka biyun. Mai tsoron karo yakan rufe ido ya kai kansa inda gwiwa za ta same shi. Mai ganganci yakan ɗaga kafaɗa ya doki kan mutum. Wanda ya iya shi ne wanda zai kayar da kai da ƙarfin gaske, a wurin da doka ta yarda, ya kuma tsaya a daidai nan.

Ita kanta ƙwallon tana da nata darasin. Doguwa ce mai tsini biyu, in ta faɗi ƙasa babu wanda ya san inda za ta nufa. Kana iya tsayawa a wurin da ya dace, ka yi duk abin da koci ya koya maka, ta yi tsalle ta faɗa hannun abokin hamayya. Epiktitus, bawan da ya zama malamin falsafa a zamanin daular Rum, ya gina koyarwarsa a kan rarrabe abin da ke hannun mutum da abin da ba ya hannunsa, ya ce a zuba himma a na farko, a kwantar da hankali a kan na biyu. Na amfana da wannan, amma tawakkali ya fi shi nisa. Mumini yana yin shiri iyakar iyawarsa, in ƙwallon ta juya masa baya kuma ya san akwai Mai hukunci wanda ba ya yin komai a banza. Wannan sanin ne ke hana mutum girman kai ranar nasara, ya hana shi neman wanda zai ɗora wa laifi ranar da aka ci shi.

Masoya zari-ruga suna son su tsaya a nan, su ce wasan ne da kansa ke gyara mutum. Tarihi bai goyi bayansu ba. Wasan ya samo sunansa daga makarantar Rugby da ke Ingila, inda ake ba da labarin wani ɗalibi, William Webb Ellis, ya ɗauki ƙwallo ya ruga da ita a 1823. Masana tarihi suna shakkar labarin, amma sunansa ne a kan kofin duniya, shi kuma limamin coci ya zama daga baya. A ƙarni na 19 makarantun 'ya'yan manya na Ingila sun yaɗa aƙidar cewa wasan ƙarfi yana ƙera Kirista nagari mai jarumta, littafin Thomas Hughes na 1857 a kan rayuwar ɗalibai a wannan makaranta ya ƙara mata farin jini. Sojoji da ma'aikatan mulkin mallaka da 'yan mishan suka kai wasan tsibiran Fiji da Samowa da Tonga, inda ya haɗe da addini har yau. Lokacin da Fiji ta ci zinare a wasan mutum bakwai-bakwai a Rio a 2016, lambarta ta farko a tarihin Olamfik, 'yan wasanta da waƙar yabon Ubangiji suka yi murna.

Amma waɗannan masu wa'azin ɗa'a su ne suka rufe wa talaka ƙofa. A arewacin Ingila 'yan wasa ma'aikatan masaƙu ne da masu haƙar kwal, waɗanda in sun bar aiki ranar Asabar don wasa ake yanke musu lada. Ƙungiyoyinsu suka nemi a yarda a biya su abin da suka rasa. Hukumar wasan, wadda aka kafa a 1871, ta ƙi, tana cewa kuɗi zai ɓata tsarkin wasa. A watan Agustan 1895 ƙungiyoyi 22 suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle, daga nan aka samu reshen da yau ake bugawa da mutum 13. Shekara ɗari cur ana haramta wa duk wanda ya taɓa wancan reshe dawowa wannan. Shi ya sa ni da nake wasa kyauta ba na ɗaukar kaina na fi wanda ake biya tsarki. Wasa don sha'awa ni'ima ce ga wanda cikinsa ya ƙoshi, kuma an taɓa mayar da ita sandar dukan wanda bai ƙoshi ba.

Na Afirka ta Kudu ya fi wannan muni. Zari-ruga ta zama abin alfaharin gwamnatin wariyar launin fata, har Niyu Zilan ta riƙa barin 'yan wasanta 'yan ƙabilar Mawori a gida in za ta je can, kamar yadda ta yi a 1928 da 1949 da 1960. Mutanen da ke tafa wa juna bayan wasa, suke girmama alƙali, su ne suka yarda da wannan. A 1995 kuma, a filin Ellis Park na Johannesburg, Nelson Mandela ya sa rigar ƙungiyar da baƙaƙe suka tsana shekara da shekaru ya miƙa wa kyaftin ɗinta Francois Pienaar kofin duniya. A 2019 Siya Kolisi, yaron da ya tashi cikin talauci a unguwar Zwide, ya ɗaga kofin a matsayin baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiyar, ya sake ɗaga shi a 2023. Tushen dokokin wasan bai sauya ba tsakanin zamanin wariya da zamanin sulhu. Zukatan da suka shigo filin ne suka sauya.

Saboda haka 'yan wasan da na fi girmamawa su ne waɗanda suka nuna akwai abin da ya fi wasan girma a wurinsu. Eric Liddell ya buga wa Sikotilan zari-ruga sau bakwai kafin duniya ta san shi da gudu. A Olamfik na Faris a 1924 ya ƙi shiga tseren mita 100 saboda zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi, ya koma mita 400 ya ci zinare, sannan ya bar ɗaukaka ya tafi aikin mishan a Sin, inda ya rasu a sansanin tsare mutane na sojojin Japan a 1945. Michael Jones na Niyu Zilan, ɗaya daga cikin gwanayen da suka ci kofin duniya na farko a 1987, bai yarda ya yi wasa ranar Lahadi ba duk tsawon rayuwarsa ta wasa; ya rasa wasanni uku a gasar 1991, aka kuma bar shi a gida a 1995. Sonny Bill Williams, wanda ya musulunta lokacin da yake wasa a Faransa kuma ya ci kofin duniya a 2011 da 2015, ya liƙe tambarin wani banki da ke wuyan rigarsa a 2017 saboda batun riba, hukumar ƙasarsa kuma ta amince masa ya guji tallan banki da giya da caca. Addininsu ba ɗaya ba ne, kuma ba sai ka yarda da fatawar kowannensu ba kafin ka ga abin da ya haɗa su: kowanne ya ja layi, ya kuma yarda ya yi asara a kansa.

Mu ƙananan 'yan wasa namu layukan ba sa shiga jarida, amma suna nan. A ƙasashen da wasan ya yi ƙarfi, zaman da ake yi bayan an tashi, wanda Faransawa suka ɗauka tamkar kashi na uku na wasan, a kan giya aka gina shi. Musulmi yana bukatar ya san yadda zai gaisa da abokan karawarsa, ya ci abinci da su, ya riƙe zumunci, ba tare da ya narke cikin abin da addininsa ya hana ba. Akwai gajeren wando da batun al'aura, wanda ya yi sauƙi tun da hukumar wasan ta duniya ta halatta wa kowa sa dogon matsattsen wando a ciki a 2021. Akwai atisaye a watan azumi, akwai la'asar da ke shigowa ana tsakiyar wasa. Abin da na lura shi ne mutumin da ya faɗi iyakarsa a fili tun ranar farko, cikin ladabi, ya kuma zama na farkon shiga karo in an fara wasa, abokansa su ne za su riƙa kare masa iyakar.

Akwai layi ɗaya da nake ganin wasan gaba ɗaya ya wajaba ya ja wa kansa. Tun da aka buɗe ƙofar biyan kuɗi a watan Agustan 1995, 'yan wasa sun ƙara girma da gudu, wasanni sun yawaita, karo ya ƙara tsanani. Steve Thompson, wanda ya ci wa Ingila kofin duniya a 2003, ya bayyana a 2020, yana ɗan shekara 42, cewa likitoci sun same shi da ciwon mantuwa, har ba ya iya tuna wasan ƙarshe na wannan kofi da ya buga. Shi da ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa sun kai hukumomin wasan kotu. A 2023 Ingila ta sauke iyakar inda aka yarda a kama mutum a wasannin sha'awa zuwa ƙasan ƙirji, wasu kuwa suka yi ta ƙorafin an lalata wasan maza. Ban yarda da su ba ko kaɗan. Jiki amana ne da za a tambaye mu a kansa, hankali kuma yana cikin abubuwan da shari'a ta zo don ta kare. Yaron da kansa ya bugu ya tashi yana tangaɗi, a fitar da shi, kada ya dawo sai likita ya sallame shi, ko da shi ne gwanin ƙungiya, ko da wasan ƙarshe ne. Kocin da ya ce masa ya daure ya koma ya ci amanar iyayen yaron.

A Nijeriya wasan bai yi ƙarfi ba tukuna, duk da muna da ƙungiyar ƙasa da ƙananan ƙungiyoyi a Legas da wasu birane irin su Kano, kuma jininmu ya yi suna a waje: Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, shi aka naɗa kyaftin ɗin Ingila a 2025. Ƙasar Hausa da ta san kokawa, inda a Nijar ake tara jihohi duk shekara a yi gasar takobi, wanda aka kayar ya tashi ya rungumi wanda ya kayar da shi, ba baƙuwa ba ce ga gwada ƙarfi cikin ƙa'ida. Muna da samari birjik masu jini a jika waɗanda ba su da inda za su sauke ƙarfinsu, kuma mun ga abin da ke faruwa in 'yan siyasa ko 'yan daba suka riga kowa gano su. Fili da ƙwallo ɗaya da koci mai tsoron Allah suna iya ceto da yawa daga cikinsu.

Sai dai in za mu karɓi wasan, mu karɓe shi da idonmu a buɗe. Makarantar da za ta fara shi ta fara da nau'in da ba a kayarwa, ta koya wa yaro yadda zai faɗi da inda zai sa kansa kafin ta koya masa cin maki. A tsara lokacin atisaye yadda ba zai ci sallah ba, yaron Kirista ma a bar masa Lahadinsa. Kada a kori ɗan talaka don ba shi da takalmi, domin wannan kuskuren an riga an yi shi a 1895. Iyaye kuma su tambayi koci abin da yake yi in kan yaro ya bugu, kafin su tambaye shi kofi nawa ya ci. Wasan zai ba yaranmu ƙarfi da juriya da iya aiki tare. Wanda za su yi wa biyayya da wannan ƙarfin, mu ne za mu koya musu, a gida da masallaci da coci.